Motar Da Ta Fi Ta Alhaji Jibrin Da Taƙi Ɗaya

A garin Warra, bakin tafkin Kainji, an yi wani dillalin kifi ana ce masa Ɗanbaba. Mutum ne mai ƙoƙarin nema, ba ya caca, ba ya shaye-shaye, sallah ba ta wuce shi. Aibinsa ɗaya ne, amma shi kaɗai ya ishe shi: ba ya iya ganin abu a hannun wani ya yi barci mai daɗi. Wanda ya fi tsone masa ido a duk garin shi ne Alhaji Jibrin, ɗan kasuwa mai jiragen ruwa, wanda rumfarsa ke kallon tasa. In Alhaji ya ɗinka sabuwar shadda, kafin Juma'a ta zagayo Ɗanbaba ya ɗinka wadda ta fi ta aiki. Abin dariyar shi ne, Alhaji Jibrin bai ma san ana tsere da shi ba.

Ɗanbaba ba haifaffen Warra ba ne. A Gungun Ƙirya aka haife shi, wani ɗan tsibiri na masunta da ake hangowa daga gaɓa in rana ta fito sosai. Can mahaifiyarsa Inna Delu take zaune, tare da ƙanensa Zaidu da matar Zaidu, Tamada. Inna Delu da bandar kifi ta raini 'ya'yanta. Tun tana yarinya take tsugune gaban murhu tana juya kifi cikin hayaƙi, har hayaƙin ya cinye mata ƙirji. Da tsufa ya zo sai fuka ta kama ta. In ciwon ya tashi, numfashi yakan tsaya mata a wuya, idanunta su firfito, kuma babu abin da ke saukar da shi sai allurar asibiti.

Abin da ke tsakanin Inna da mutuwa a irin waɗannan ranaku shi ne jirgin gida. Babban jirgi ne na katako mai inji, wanda mahaifinsu ya mutu ya bari. Zaidu ke tuƙa shi, yana fito da mutane da kaya ranar kasuwa, abin da aka samu a ci a gida biyu. Duk ranar da ƙirjin Inna ya riƙe, Zaidu zai sunkuce ta ya sa a jirgi, ya ja igiyar inji, kafin a dafa tuwo sun isa gaɓa. An yi haka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma kowa a gidan ya san da haka, har shi Ɗanbaba.

Shekarun nan ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Kebbi ba. Sababbin ofisoshi, sababbin 'yan kwangila, sababbin motoci suna ta shigowa ƙasar Yauri. Ana cikin haka wata ranar kasuwa Alhaji Jibrin ya iso rumfa cikin farar jif. Ya fito ya gaisa da mutane kamar kullum, ya zauna ya ci gaba da cinikinsa. Ɗanbaba kuwa ranar bai ɗauke ido daga kan motar ba. Da aka tafi sallar azahar, sai ya laɓaɓa ya samo karan dawa, ya jingina shi jikin motar Alhaji, ya karya shi daidai tsayin rufinta. Ya kai karan gida ya ɓoye bayan ƙofa.

Bayan 'yan makonni ya tattara abin da yake da shi, ya ce wa matarsa Indo zai sayo wa iyali mota. Ya ɗauki Zaidu don ya taya shi gani, suka hau motar haya zuwa Kontagora. Zaidu ya ga yayansa riƙe da kara tun daga tasha, ya zaci na korar awaki ne, bai tambaya ba.

Dillalin motocin wani saurayi ne mai zaƙin baki, sunansa Fa'izu. Ya nuna musu motoci uku. Ta farko doguwar mota ce mai layin kujeru uku, irin wadda kowane makaniki a Yelwa ya san cikinta da wajenta, kayan gyaranta kuwa ko a bakin tasha ana samu. Ta biyu a-kori-kura ce mai gida biyu a gaba: iyali su zauna ciki, kwandunan kifi su hau baya, ga ta da ƙarfin shiga daji. Ta ukun baƙar jif ce 'yar Kwatano, mai baƙin gilashi da kujerun fata da iyakwandishan, tana tsaye can gefe tana sheƙi.

Zaidu ya zagaya a-kori-kurar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya bubbuga bayanta. Ya ce, "Yaya, wagga ita ta tamu. Ta ɗauki Indo da yara, ta ɗauki kihi zuwa Yelwa, ta maida kuɗɗinta da kanta. Kuma abin da kaz zo da shi ya isa."

Ɗanbaba bai ko kalle shi ba. Ya jingina karansa jikin doguwar motar, karan ya wuce ta nesa. Ya jingina shi jikin a-kori-kurar, karan ya ɗara ta kaɗan. Ya taka zuwa wurin baƙar jif ya jingina, sai rufinta ya haye kan karan da taƙi ɗaya cur. Nan take fuskarsa ta washe.

Fa'izu ya ga inda zuciyar mutumin ta faɗa, amma ya ɗan yi gaskiya. Ya ce, "Alhaji, mota ce ta manya, tayoyinta huɗu duka suna ja, ba yashi ba laka. Sai dai tana shan mai, kuma in wani abu ya lalace sai an aika Kaduna ko Legas."

Daga duk maganar, kalma ɗaya Ɗanbaba ya ji, wato "Alhaji", shi da ko filin jirgin sama bai taɓa gani ba. Ya tambayi kuɗinta. Da aka faɗa, Zaidu ya yi dariya, don abin da suka zo da shi ko kusa bai kai ba. Ɗanbaba bai yi dariya ba. Ya ba da kafin alƙalami, ya ce a ajiye masa ita, zai dawo da ciko.

A hanyar komawa Zaidu ya tambaye shi inda cikon zai fito. Ɗanbaba ya ce, yana kallon taga, "Jirgi za mu saidawa."

Zaidu ya ce, "Yaya, wane jirgi?"

"Jirage nawa gare mu?"

"Jirgin ga shi na ƙahwar Inna. In ƙirjinta ya tashi, da mi za ni hiddo ta?"

"Da mota. Yanzu ba ga hanya nan ta buɗe har ƙohwar gida ba?"

A nan ne Ɗanbaba ya yi kuskuren da ko yaron goye a bakin tafkin nan ba zai yi ba. Gaskiya ne a lokacin akwai hanya. Duk shekara, daga bazara zuwa tsakiyar damina, ruwan tafkin yakan ja baya, ƙasa ta fito tsakanin Gungun Ƙirya da gaɓa, har amalanken shanu su riƙa bi. Amma duk shekara kuma, in kaka ta ƙarato, ruwan yakan dawo ya rufe hanyar, gungun ya koma tsibirinsa har wata bazarar. A cikin ruwan nan aka haifi Ɗanbaba, a cikinsa ya koyi iyo. Ba mantawa ya yi ba, so ne kawai bai yi ya tuna ba.

Zaidu ya ce, "In ruwa ya komo hwa?"

Ɗanbaba ya juyo a fusace. "Kai, ni za ka koya ma ruwa? Kahin ya komo na sai maka wani injin. Ni na babba gidan ga, ko kai na?"

Bai shawarci Inna ba. Ya san in ya tambaye ta ba za ta hana shi ba, ita da ko sunansa na yanka ba ta iya faɗa don kunyar ɗan fari, amma ya san irin kallon da za ta yi masa, shi ya sa ya guje ta. Cikin mako ɗaya ya sami mai saye ta hannun wani dillali, ya karɓi kuɗi, aka zo aka kwance jirgin daga turkensa Zaidu yana tsaye yana kallo. Sai bayan kwanaki aka ga jirgin cikin jerin jiragen Alhaji Jibrin, an sake masa fenti. Ashe shi ya saya. Ɗanbaba ya ji zafin wannan, amma ya ce ba komai, ai katako ne.

Ranar da ya shigo Warra da baƙar jif, sai da ya zagaya kasuwa yana danna oda, sannan ya zo ya tsayar da ita dab da farar motar Alhaji, gefe da gefe, don kowa ya ga bambanci. Alhaji Jibrin ya taso da fara'a ya ba shi hannu. Ya ce, "Ma sha Allah, Ɗanbaba. Allah shi sa alheri, shi tsare hanya." Ya koma rumfarsa. Ko ɗaga kai bai yi ya dubi rufin ba. Taƙi ɗayan nan da aka sayar da jirgi dominsa, babu wanda ya lura da shi a duk kasuwar sai mai karan.

Washegari ya kwashi Indo da yara suka nufi gungu ta busasshiyar hanya. Motar kuwa ta yi abin da aka ce tana yi: ta keta yashi, ta keta laka, ta hau tudu har tsakiyar gari. Mutane suka fito, mata suna guɗa. Inna Delu tana gaban murhun banda aka gaya mata. Ta taso da sauri, zaninta duk toka, tana tari tana dariya, ta ɗauko manyan kifaye busassu da ta ware tun jiya ta ƙulle a tsumma don ɗanta.

Ta zagaya motar tana salati. Ta ce, "Wagga duk taka ta? Kai, Allah na gode maka. Bari in shiga in ji wada masu kuɗɗi ka ji."

Ta miƙa hannu za ta kama marfin ƙofa. Ɗanbaba ya tare ƙofar da jikinsa.

"Inna, dakata. Kujerun hwata na, in warin kihi ya kama su ba shi hita. Bari sai na sa an shimhiɗa leda, in zaka in ɗauke ki musamman."

Gaban mutanen gari ya faɗi wannan. Guɗar ta tsaya. Inna ta janye hannunta, ta dubi tafinta, ta goge shi a zani. Sai ta yi 'yar dariya don ta rufa masa asiri, ta ce wa mutane, "Gaskiya tai, ɗiyan ga, kayan tsada na. Wata rana na shiga." Ta miƙa masa ƙullin kifin. Ya ce ta ba Zaidu ya kawo masa kasuwa, ba a sa kifi cikin motar nan. Kafin ta koma, ta ɗan shafa jikin motar da bayan hannu, kamar yadda ake shafa kan jariri. Tana juyawa ya ciro hankici ya goge wurin. Ta gani, don Tamada ta ce a ranar Inna ba ta ƙara cin komai ba.

Ni dai ban san abin da ya fi wannan muni ba. Warin da ya hana ta shiga motar, shi ne warin da ya ciyar da shi, ya yi masa sutura, ya ba shi jarin da ya fara dillanci da shi.

Ledar ba a taɓa shimfiɗa ta ba. Injin da aka yi wa Zaidu alkawari ma ba a saya ba. Shekarar aka shiga wahalar mai, baƙar jif kuwa ba ta san ana wahala ba, sha take kamar raƙumi. Ribar kifi ta riƙa ƙarewa wurin 'yan bumburutu. Wani ƙarfe ya lalace a ƙarƙashinta, aka jira shi daga Kaduna, ya zo da tsadarsa. Zaidu, da ya saba tuƙa babban jirgi, ya koma jefa taru cikin ƙaramin kwalekwale na aro, yana tuƙi da filafili.

Kaka ta zo, ruwa ya dawo kamar yadda ya saba. Ya fara cike ramuka, ya haɗe su, wata safiya aka tashi babu hanya. Zaidu ya tuƙo kwalekwale ya sami yayansa a rumfa.

"Yaya, ruwa ya rufe. Inna ta hwara tari irin na bara. Ko ƙaramin inji na, a samu a ɗaura ma kwalekwale. In ba haka ba, ka maido ta nan Warra ta zauna wurinka har ruwa shi janye."

Ɗanbaba yana cikin mutane, kuma Alhaji Jibrin yana jin su daga rumfarsa. Ya ji kunyar a ce ba shi da kuɗin ƙaramin inji. Ya ɗaga murya ya ce, "Kai kullum da ƙorahi kamar mace! Ɗakin da za ta zauna na cika shi da kaya. In ciwon ya tashi a aiko, ga mota nan, minti nawa na zuwa asibiti?"

Zaidu ya dube shi, ya dubi motar, ya juya ya tafi.

Ciwon ya tashi wata ranar kasuwa da hantsi. Jiragen inji na gungun, da ma ba su da yawa, duk sun fita tun da safe da kaya da mutane. Ga iska ta taso, tafkin yana tumbatsa. Wani masunci da ya riga su fitowa ya iso rumfar Ɗanbaba a jiƙe, ya ce Inna Delu ba ta numfashi sosai, Zaidu ya ce a turo jirgin inji ya tare su a hanya, shi ya taso da ita a kwalekwale.

Ɗanbaba ya tashi a guje. Ya fara zuwa bakin ruwa, ya tarar jiragen da ke nan wasu babu mai, wasu masu su sun shige kasuwa ba a san inda suke ba. Ya dawo, ya haɗiye girman kansa, ya tsaya gaban Alhaji Jibrin.

"Alhaji, don Allah jirgi. Inna ta."

Alhaji ya miƙe tsaye, hankalinsa a tashe. Ya ce, "Subhanallahi! Ɗanbaba, jiragena duk sun tahi Yelwa da albasa tun da asuba. Jirginku na da, shi na ƙarshen tashi. Da ka hwaɗa min jiya da na tsai da shi." Ya tura mutane su nemo mai, su nemo masu jirage a cikin kasuwa, amma neman ya ɗauki lokaci.

Ɗanbaba ya faɗa motarsa ya bi gaɓa, daga wannan mashaya zuwa waccan, yana danna oda yana kiran masu jirgi. Motar ba ta ba shi kunya ba, duk inda ya juya ta sai ta shiga. Daga ƙarshe ya kai inda hanyar bazara take gangarawa, wurin da ya bi ya shiga gungu da guɗa. Ya tura ta cikin ruwa har ya shafi ƙofofi, injin ya fara tari, dole ya ja da baya. Ya fito ya tsaya. Daga nan yana hango rufin ɗakunan Gungun Ƙirya, yana kuma hango wani ɗan baƙin abu a tsakiyar ruwa, yana hawa yana sauka.

Kwalekwalen ne. Zaidu yana tuƙi tsirara daga ƙugu zuwa sama, iska tana mai da shi baya, yana sake turawa. Tamada tana zaune tsakiya ta rungume Inna. Ɗanbaba ya buɗe ƙofofin motar duka, ya kwantar da kujera, ya tayar da inji, ya shiga ruwa har gwiwa yana ɗaga hannu yana ihu su yi sauri. Ya daɗe a haka. Can sai ya ga Zaidu ya ajiye filafili a cinyarsa, ya sunkuyar da kai. Bayan ɗan lokaci ya ɗauka ya ci gaba da tuƙi, amma a hankali, irin tuƙin wanda ba shi da sauran abin da yake sauri dominsa.

Da suka iso, Tamada ta riga ta ja mayafi ta rufe fuskar Inna. Hannuwan Zaidu sun fashe suna jini. A daidai lokacin ne aka ji ƙarar jirgin injin da mutanen Alhaji suka samo, ya taso daga Warra.

Ɗanbaba ya faɗa kan kwalekwalen yana kuka kamar yaro. Ya ɗauki Inna da hannunsa, ba ta da nauyi ko kaɗan, zaninta yana warin hayaƙi da kifi. Ya nufi motar da ita, don a kai ta gidansa a yi mata sutura. Yana sa ƙafa a bakin ƙofa sai Zaidu ya yi magana daga bayansa, murya ƙasa-ƙasa, ba faɗa ba zagi.

"Yaya, dakata. Ba ka shimhiɗa leda ba."

Ɗanbaba ya tsaya da gawar uwarsa a hannu, ya kasa gaba ya kasa baya. Daga baya ya kwantar da ita kan kujerar fatar, ya gyara mata mayafi. Shigarta ta farko ke nan cikin motar, kuma ita ce ta ƙarshe.

Bayan an share makoki Zaidu ya kwashe matarsa ya koma wani gungu can ƙasa, bai sake taka rumfar yayansa ba. Motar ta tsaya a ƙofar gida, Ɗanbaba bai ƙara iya shigarta ba, ya ce duk lokacin da ya buɗe ƙofa warin banda yake ji. Tayoyinta suka sace, kaji suka riƙa kwana ƙarƙashinta. Da ya gaji ya sayar da ita da arha, kuɗin ko rabin jirgi ba su saya ba. Indo ce ta tsinci karan dawan nan a bayan ƙofa wata rana tana shara, ba ta san na mene ne ba, ta karya shi ta sa a murhu.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Duk wanda zai sayi mota, ko wani babban abu don iyalinsa, ya auna shi da buƙatar gidansa da irin ƙasar da yake zaune, kada ya auna shi da abin da maƙwabcinsa ya mallaka. Ya tambayi kansa abin da zai rabu da shi kafin ya same shi, da kuma wanda zai cutu in aka rabu da abin. Ya saurari na ƙasa da shi in sun faɗa masa gaskiya. Sama da duka, kada abin hannu ya sa mutum ya ji ƙyamar iyayen da suka wahala har ya zama mutum. Mota ana sayen wata, jirgi ana sassaƙa wani, amma uwa in ta tafi babu kasuwar da ake samo ta, kuma maganar da ka faɗa mata gaban mutane za ta zauna tare da kai har ƙarshen ranka.